Kafin a wanke kwamfutar shago: ina tsoffin wasiƙunmu na imel suke zuwa?

Yau za mu taɓo wata magana da ba a cika yin ta a bakin shago ba sai ɓarna ta auku, wato makomar tsoffin wasiƙun imel a ranar da aka sabunta kwamfuta. Wani zai ce wannan ai zancen ƴan boko ne. To amma duk wanda ke saro kaya daga Dubai ko ƙasar Sin, ko yake da taranzitar mai fito masa da kaya daga tashar jirgin ruwa ta Lome ko Kwatano, ya san cewa faktir da rasit na banki da alƙawarin da aka yi masa duk ta imel suke zuwa. Ko da mutum bai iya taɓa kwamfuta ba, ɗansa ko yaron shagonsa na taɓawa a madadinsa, kuma in wasiƙun suka salwanta, aljihun mai shago ne zai ji a jika.

Abin da ya faru a gidanmu

Mun ga wannan al'amari da idonmu. Yayarmu Hajiya tana sayar da atamfa da leshi a babbar kasuwar Maraɗi. Tun zamanin marigayi maigidanta shagon ke da kwamfuta, kuma duk lokacin da aka sake wata, sai a kwashe abin da ke cikin tsohuwar a zuba a sabuwar ba tare da kowa ya tambayi yadda aka yi ba. Wata shekara dila uku na kayanta suka iso a jiƙe. Mutumin da take saro kaya wurinsa a birnin Gwanzu ya rubuto mata cewa ya amsa laifi, zai cire kuɗin daga cinikin gaba. Kasuwa ta ja baya, Hajiya ta daɗe ba ta sake yin oda ba. Da ta tashi yi, sai ta tarar an canza ma'aikacin da ke kula da ita, sabon kuma ya ce bai san zancen ba, a nuna masa a rubuce.

A makon nan ne kuma aka karɓo kwamfutar daga wurin mai gyara, an saka mata sabon Windows da sabon Office. Hajiya ta ce wa ɗanta ya buɗe ya nemo wasiƙar. Ya buɗe Outlook, fayau, babu ko wasiƙa ɗaya da ta wuce mako biyu. Ta kira mu hankali a tashe, tana cewa: "Ƙanena, zo ka gani, yaran nan sun share mini shekara ashirin."

Allah ya taimaka mai gyaran bai goge tsohon faifan ajiyar kwamfutar ba. Sabo ya saka, tsohon ya jefa shi cikin akwatin tarkace. Daga nan aka ciro wasiƙun, aka juya su zuwa sabon tsari, aka samu wadda ake nema, aka tura wa mutanen Gwanzu, suka cire kuɗin. Da a ce ya wanke faifan kamar yadda aka saba, da sai dai haƙuri. Abin da muka koya a kwanakin nan shi ne muke son mu raba da ku.

Wasiƙun suna zaune ne cikin fayil guda

Da yawa daga cikinmu muna zaton wasiƙun imel suna can "cikin intanet", ko yaushe aka nema za a samu. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma ba haka ba ne. Hanya biyu ce manhajar karanta wasiƙu ke bi ta ɗauko saƙo. Ta farko ana kiran ta POP. Ita kamar ɗan aike ce da ke zuwa gidan waya ya kwaso wasiƙu ya kawo gida, akwatin can ya zama wayam, nan take ko bayan ƴan kwanaki. Ta biyu ita ce IMAP, wadda ke barin wasiƙun a wurin kamfanin imel, kwamfuta ta riƙa nuna kwafinsu kawai. Shagunan da suka daɗe da kwamfuta yawanci POP aka ɗora su a kai, saboda a wancan lokaci layin intanet na da tsada, akwatin da kamfanoni ke bayarwa kuma ƙarami ne.

In a kan POP kake, kuma Outlook na kamfanin Microsoft kake aiki da shi, to duk wasiƙunka, da takardun da aka liƙo musu, da sunayen abokan cinikinka, suna cikin fayil guda ɗaya mai ƙarewa da haruffa .pst. Fayil shi ne abin da masu gyaranmu ke kira fishiye. Ka ɗauke shi kamar buhu guda da aka zuba duk takardun shago a ciki. A zamanin Windows XP buhun nan ɓoye yake cikin wani dosiye da ba a gani sai an nemi kwamfuta ta nuna ɓoyayyun abubuwa. Shi ya sa mai gyara zai kwashe maka hotuna da takardun Word da zuciya ɗaya, ya bar mafi muhimmanci a baya. Daga Outlook 2010 ne aka fara ajiye shi a fili, cikin "Documents", a dosiye mai suna "Fichiers Outlook" ga masu kwamfutar Faransanci.

Akwai wani fayil mai kama da shi, mai ƙarewa da .ost. Wannan inuwa ce kawai ta abin da ke wurin kamfanin imel, kuma a ɗaure yake da kwamfutar da aka yi shi a kanta. In an kwafe shi zuwa wata, Outlook ba zai buɗe shi ba. Kada wani ya miƙo maka .ost ya ce ya adana maka wasiƙu.

Tsohon buhu da sabon buhu

Shi kansa .pst ɗin iri biyu ne. Outlook 97 har zuwa Outlook 2002 suna amfani da tsohon tsari da ake kira ANSI. A Outlook 2003 aka kawo sabon tsari mai suna Unicode. Bambancinsu biyu ne, kuma duka sun shafe mu.

Na farko girma. Tsohon tsari ba ya wuce jiga 2. Wanda ke sayen jiga a wayarsa ya san jiga 2 ba wani abu ba ne in ana turo hotunan samfurin kaya da katalog. In buhun ya kusa cika sai Outlook ya daina karɓar saƙo, a tsoffin sigogi ma fayil ɗin kan lalace ya ƙi buɗuwa. Sabon tsari kuwa an sa masa iyakar jiga 20 a Outlook 2003 da 2007, aka ɗaga zuwa jiga 50 daga Outlook 2010.

Na biyu haruffa. Tsohon tsari, a kwamfutar da aka saita da Faransanci ko Ingilishi, ya san haruffan Turawan yamma ne kawai. Bai san Larabci ba, bai san rubutun Sin ba, bai kuma san haruffanmu masu ƙugiya ba, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan sunan mai aiko da saƙo ko kan maganar wasiƙa ya zo da irin waɗannan, sai ka ga alamun tambaya sun jeru a wurin. Wannan ne ya wahalar da mu wajen neman wasiƙar Hajiya, don sunan mutumin Gwanzu ya koma ????, sai da muka bi ta adireshinsa da watan da kayan suka iso. A sani kuma, harafin da ya riga ya zama alamar tambaya ba ya dawowa ko an juya fayil ɗin. Juyawar na kare wasiƙun gaba ne.

Ga inda tarkon yake. Sabon Outlook na iya buɗe tsohon fayil, ya ci gaba da zuba wasiƙu a ciki bai ce uffan ba, amma ba ya juya shi zuwa sabon tsari da kansa. Sai ka ga kwamfuta sabuwa dal, alhali buhun da ke cikinta na zamanin 2002 ne. Na Hajiya da aka auna shi saura ƙiris ya cika.

Me ya sa maganar ta taso yanzu

Microsoft ya daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilu 2014. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kuma wa'adin kulawar yau da kullum na Windows 10 ya ƙare, tare da Office 2016 da Office 2019. Duk lokacin da irin wannan rana ta zo, sai ka ga ana ta ɗaukar kwamfutoci zuwa wurin masu gyara, wasu kuma su sayi na hannu da ake shigowa da su. A irin wannan kai-kawo ne wasiƙu ke ɓata.

Sannan doka ma tana da ta cewa. Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci, wadda aka kafa da yarjejeniyar birnin Port-Louis a 1993. Dokarta ta lissafin kuɗi ta ce a adana littattafan lissafi da takardun shaida har shekara 10. Dokar kasuwanci da aka sabunta a Lome a watan Disamba 2010 kuma ta yarda a kafa hujjar ciniki tsakanin ƴan kasuwa ta kowace hanya, har da ta na'ura. Ke nan wasiƙar imel na iya tsaya maka a gaban alƙali, ko a wurin jami'an duwan da na haraji, in har kana da ita.

Yadda ake juyawa, mataki mataki

Ba lalle ne mai shago ya yi wannan aiki da hannunsa ba. Amma ya kamata ya san matakan, ya zauna kusa da mai yin aikin, kamar yadda ba ya barin a auna masa hatsi yana waje.

Mataki na farko, a gano fayil ɗin. A tsohuwar kwamfuta, cikin Outlook, a shiga "Paramètres du compte", a duba shafin "Fichiers de données". Nan za a ga sunan kowane fayil da inda yake zaune. Sau da yawa ba ɗaya ba ne, akwai wani mai suna archive.pst inda Outlook ke kwashe wasiƙun da suka tsufa. A nan ne ma mafi yawan tsoffin hujjoji suke. In aka zaɓi fayil aka danna "Paramètres", za a ga layin da ke faɗin tsarinsa. In an ga "97-2002" a rubuce, tsohon buhu ne.

Mataki na biyu, a rubuta lissafi a takarda. Wasiƙu nawa ne a akwatin shigowa, nawa a na aikawa, sunaye nawa ne a littafin adireshi, wace wasiƙa ce mafi tsufa. Outlook na nuna adadin a ƙasan allo. Wannan takarda ita ce mudun da za a auna aikin da shi a ƙarshe.

Mataki na uku, a rufe Outlook gaba ɗaya, sannan a kwafi fayil ɗin zuwa wuri biyu, misali kile na USB guda da faifan ajiya na waje. In Outlook na buɗe, kwafin na iya ƙin yiwuwa ko ya fito gurgu. A lura, kile da yawa suna zuwa da tsarin FAT32 wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai jiga 4. In fayil ɗinka ya fi haka, sai an mayar da kilen exFAT ko NTFS, kuma yin hakan na goge abin da ke cikinsa, don haka a yi da kile wanda babu komai a ciki. Kwafi ɗaya a kai shi gida a kulle, kada a taɓa shi.

Mataki na huɗu, a sabuwar kwamfuta a buɗe sabon buhu. A koma "Fichiers de données", a danna "Ajouter", a ba shi suna. In an ba da zaɓi, kada a ɗauki mai "97-2002".

Mataki na biyar, a juye tsohon cikin sabon. A fara sauke kwafin daga kile zuwa cikin kwamfutar, kada a yi aiki da shi yana kan kile, don in ya zare ana tsakiyar aiki fayil ɗin na iya lalacewa. Sai a bi "Fichier", "Ouvrir et exporter", "Importer/Exporter", a zaɓi shigowa daga wani fayil, a nuna .pst ɗin, a sa alama a kan haɗawa da ƙananan dosiye, a kuma nuna cewa sabon fayil za a zuba. Wasu sun fi son buɗe buhunan biyu gefe da gefe su riƙa jan dosiye ɗaya bayan ɗaya. Duka biyun na yi. Aikin kan ɗauki lokaci, saboda haka a tabbata batir ya cika ko akwai ondilar, don ɗaukewar wuta a tsakiyar juyawa na daga cikin abubuwan da ke ɓata fayil.

In tsohon fayil ya ƙi buɗuwa, akwai wata ƴar manhajar gyara mai suna scanpst.exe da ke zuwa tare da Office kyauta. A gwada ta a kan kwafi, ba a kan na asali ba.

Mataki na shida, a auna. A ɗauko takardar nan a gwada adadi da adadi. A buɗe wasiƙu goma daga shekaru daban-daban, a buɗe takardun da ke liƙe da su a ga suna karantuwa. A nemi sunan babban abokin ciniki a ga ya fito. Sai an gamsu za a mayar da sabon fayil ya zama inda saƙonni ke sauka.

Ga masu Outlook Express da sauran su

Outlook Express daban yake da Outlook, ko da yake sunan ya yi kama. Shi ne wanda ke zuwa kyauta cikin Windows 98 da XP, kuma shaguna da yawa da shi suka fara. Yana ajiye kowane dosiye a fayil nasa mai ƙarewa da .dbx, littafin adireshi kuma a wani fayil dabam mai .wab. Daga Windows Vista, wanda ya fito kasuwa a 2007, aka daina saka shi. Wanda ya biyo baya, Windows Live Mail, shi ma an daina kula da shi a watan Janairu 2017. Outlook na yanzu ba ya karanta .dbx kai tsaye. Hanya mafi sauƙi ita ce, tun tsohuwar kwamfuta na tashi, a buɗe Outlook Express a zaɓi wasiƙu a ja su zuwa wani dosiye. Kowace za ta fita a matsayin fayil mai .eml, wanda Outlook da Thunderbird duk suna buɗewa. Thunderbird manhaja ce ta kyauta, ba a sayen lasisinta.

A kuma yi hattara da wanda ake kira sabon Outlook, da ke zuwa cikin Windows 11. Da ya fito bai san .pst ba sam, sai a 2025 aka fara koya masa kaɗan kaɗan. Aikin juyawa a yi shi da Outlook na asali, wanda suke rubuta wa "classique".

Wanda kuma wasiƙunsa ke Gmail ko Yahoo, yana buɗewa ta waya ko a sibar, bai da matsalar .pst, amma yana da tasa. Gmail na ba da jiga 15 kyauta, in ya cika saƙo ya daina shigowa, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android na cin wani kaso daga ciki. Daga watan Disamba 2023 kuma Google ya ce yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Masu dogon tunani za su tuna da akwatin Voila da aka rufe a 2016. Akwai hanyar sauke duk wasiƙun Gmail da ake kira Google Takeout, tana ba da fayil mai .mbox wanda Thunderbird ke iya karantawa. Ya kamata a riƙa yi ko sau ɗaya a shekara.

Abin da za a faɗa wa mai gyara

Ba mu ce masu gyara mugaye ba ne. Yawancinsu abin da aka ce su yi shi suke yi. An ce kwamfuta na nauyi a wanke ta, sun wanke. Laifin namu ne da ba mu faɗa musu akwai amana a ciki ba. Saboda haka kafin ka miƙa kwamfuta, ko ke Hajiya kafin ki aiki yaro da ita, a yi waɗannan sharuɗɗa a baki, in da hali a rubuce.

A kwafe wasiƙu a gabanka kafin a goge komai, ka riƙe kilen a hannunka. In za a canza faifan ajiya, a ba ka tsohon ka tafi da shi, kayanka ne. Kuɗin sabon kile ƴan jikkuna ne, ba a haɗa shi da asarar dila guda. Kada ka cika kuɗin aiki sai ka ga tsoffin wasiƙunka a buɗe a sabuwar kwamfuta. Bayan an gama, a goge kwafin da ya rage a kwamfutar mai gyara, don buhun nan na ɗauke da farashin da kake saye, da sunayen masu ba ka kaya, da lambobin asusunka na banki. Kalmar sirrin da ake sa wa .pst ba ta da ƙarfi, masu sani na cire ta cikin sauƙi, kada ka dogara da ita. Kalmar sirrin imel ɗinka kuwa, in dole ta sa ka faɗa, ka canza ta a ranar.

Sannan wasiƙun da suka fi nauyi, irin na alƙawarin biya, amsa bashi, ko yarda da farashi, a fitar da su a matsayin PDF, a kuma buga a takarda a sa cikin dosiyen shago. Amma a bar ta asalin a wurinta, don ita ce ke ɗauke da adireshin wanda ya aiko da ranar da sa'ar da ta shigo, abin da ke ba ta ƙarfi in gardama ta tashi.

Tsohuwar kwamfuta ko tsohon faifai kada a yi gaggawar sayarwa ko ba yara su yi wasa. Hausawa sun ce ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. A bar shi wata uku ko shida, har a tabbata babu abin da aka nema aka rasa. In za a rabu da shi, a sa wanda aka yarda da shi ya goge shi sosai tukuna.

Ita dai Hajiya yanzu kile biyu gare ta. Ɗaya na cikin akwatin da take ajiye sarƙoƙinta, ɗaya na shago, kuma duk ƙarshen wata sai ta tsare ɗanta ya sabunta kwafin tana zaune tana kallo. Har yau ba ta iya buɗe Outlook da kanta ba, amma ta san sunan fayil ɗin, ta san girmansa, kuma babu mai sake ɗaukar kwamfutar shagon sai ta tambaya an kwafe ko ba a kwafe ba.

Wanda ke da kwamfuta a shago, ya sa a duba masa yau, tun tana tashi. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara.